Darasin girkin Indiya a kwaleji: me ya sa miyata ke ɗaci, kuma wane kayan haɗi zan iya musanyawa?

Ummi daga Tudun Wada:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗaliba ce a shekara ta biyu a sashen koyon girki da kula da baƙi na wata kwaleji a nan Kaduna. A wannan zangon an sa mana darasin abincin ƙasashen waje, inda aka ware wa girkin Indiya mako huɗu, kuma a ƙarshe kowane rukuni na mutum biyar zai dafa biriyani, wato shinkafar da ake turarawa da nama da kayan ƙamshi, da miyar kaza da capati, wani siririn burodi da ake gasawa a kasko, a gaban malamai domin a ba da maki.

Sau biyu ke nan ina gwadawa a gida, kuma duka biyun ban ji daɗin abin da ya fito ba. Miyar ta yi ɗaci har ƙannena suka ƙi taɓa ta, shinkafar ta caɓe kamar za a tuƙa tuwo, capatin kuwa ya bushe ya yi tauri kamar faifai. A wanda muka yi a aji, malaminmu ya ɗanɗana ya ce miyar dage-dage ce kawai muka zuba wa kori. Na bi takardar da aka ba mu gwargwadon iko, sai dai wasu kayan ban same su ba, na sa abin da mai kayan ƙamshi ya ce mini daidai suke da su. Don Allah ina neman wanda zai nuna mini inda kuskuren yake, da abin da ya halatta a musanya da kayanmu na gida, domin kuɗin da muka haɗa a rukuninmu bai kai mu sayi komai a manyan kantuna ba.

Baban Sadiya, Kakuri:

Wa alaikumus salam. 'Yata, na yi shekaru masu yawa a kicin ɗin otal kafin in ajiye aiki, kuma wanda ya koya mini wannan girki wani kuku ne ɗan jihar Punjab, saboda haka bari in faɗa miki abin da ya fara faɗa mini. Garin kori da kika sani na gwangwani ba shi ne tushen girkinsu ba. Turawan Ingila ne suka yaɗa shi domin su sauƙaƙa wa kansu, su kuwa masu abincin kowace miya da irin haɗin da suke yi mata, kuma kowane abu da lokacin da yake shiga tukunya. Maganar malaminku gaskiya ce ko da ta yi zafi: mu mun saba mu markaɗa kayan miya mu zuba, sannan mu barbaɗa kayan ƙamshi a kai su dahu cikin ruwa, su kuwa a cikin mai suke dafa kayan ƙamshinsu, domin mai ne yake fito da ƙamshin ya ratsa abinci.

Ga yadda ake bi da kaza kilo 1. Ki ɗora mai ya yi zafi, amma kada ya kai ga hayaƙi, sai ki fara jefa waɗanda ba a daka ba: kirfa guntu ɗaya, kanumfari 4 ko 5, kadamon kamar haka, da ƙaramin cokali na kumin, wanda suke kira jira. Cikin daƙiƙa kaɗan za ki ji suna tsartsatsi, ƙamshi ya tashi. Wannan shi suke kira tarka, kuma idan kika juya baya kika bari suka yi baƙi, to ki zubar ki sake, domin babu abin da zai gyara miyar bayan haka. Daga nan sai albasa manya 3 da aka yanka siriri, a soya ta a hankali minti 15 zuwa 20 har ta yi ruwan zuma. A nan ɗalibai suka fi yin gaggawa, alhali zaƙin miyar da kaurinta duk daga wannan albasar suke fitowa. Sai dakakkiyar citta ɗanya da tafarnuwa, minti ɗaya kawai, domin tafarnuwa ba ta da haƙurin wuta.

Yanzu ki rage wuta kafin ki zuba masu gari, wato kurkur rabin ƙaramin cokali, garin kusbara cokali biyu ƙanana, da barkono, ki yayyafa ruwa kaɗan don kada su kama. Sai tumatir, ki yi ta juyawa har ruwansa ya tsotse mai ya taso gefe-gefe, kamar dai yadda iyayenku mata suke gane miya ta soyu. Ɗanɗanon gari-gari da mutane ke kuka da shi daga tsallake wannan matakin yake zuwa. Garam masala kuwa, wato haɗin dakakkun kayan ƙamshinsu, a ƙarshe ake sa shi, bayan kin zuba kazar ta dahu, rabin cokali ya isa.

Amma ina da tambaya: me mai kayan ƙamshin ya ba ki a madadin me, kuma hulba nawa kika sa?

Ummi daga Tudun Wada:

Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Da na tambayi kumin sai ya ba ni habbatussauda, ya ce ai ita ce baƙar kumin, na sa babban cokali ɗaya. Hulba kuma na daka na sa cokali biyu, domin a takardar an rubuta cokali biyu na meti.

Malama Hajara, Unguwar Rimi:

To ai ga ɗacin nan kin faɗe shi da bakinki, Ummi. Na koyar da tattalin gida a makarantun 'yan mata har na yi ritaya, kuma wannan ruɗanin suna ya sha kayar da ɗalibai. Habbatussauda da kumin ba tsiro ɗaya ba ne, ba su da ɗanɗano ɗaya. Indiyawa suna amfani da habbatussauda, suna kiranta kalonji, amma 'yar kaɗan suke barbaɗawa a kan burodinsu ko a cikin kayan tsami da suke adanawa. Metin da aka rubuta cokali biyu kuwa kusan tabbas busasshen ganyen hulba ake nufi, wanda ake murzawa a tafin hannu a zuba a ƙarshen girki. Ƙwayar hulba, ke ma kin san ɗacinta tun daga wadda ake jiƙa wa mata su sha. Ko a girkinsu 'yan ƙwayoyi ake jefawa a mai. Idan ba ki sami ganyen ba ki bar shi gaba ɗaya, miyar ba za ta lalace ba.

Game da musanya, ina ganin ɗalibanmu suna raina abin da ke hannunsu. Abin da suke kira gi man shanu ne da aka narkar aka tace, saboda haka ki sayi mai kyau wurin Fulani, ki dafa shi a wuta kaɗan har kumfar ta kwanta ya yi garau, ki tace da kyalle mai tsabta, amma kada ki soya shi da albasa kamar yadda muke yi don tuwo idan za ki yi kayan zaƙi da shi. Kindirmo marar sukari yana tsayawa daidai a matsayin nonon da suke jiƙa nama a ciki, sai dai ki kaɗa shi sosai ki rage wuta kafin ki zuba, in ba haka ba zai tsinke. Tsamiyarmu ita ce tasu. Citta kuwa, wanda yake zaune a jihar da Kachia take ba shi da dalilin sayen garin citta na kwalba, kuma tamu tana da ƙarfi, don haka ki ɗan rage a kan abin da takarda ta ce.

Akwai kuma waɗanda ban yarda a musanya ba. Kimba da gyaɗar miya da daddawa suna da ƙamshin da zai mayar da abincin namu nan take. Attarugu ma haka: ja da kike gani a miyarsu yawanci daga wani barkono ne marar zafi sosai da ake dangantawa da Kashmir, saboda haka busasshen tattasai da aka daka, a haɗa da ɗan barkono kaɗan, ya fi kusa da shi. Sannan ganyen da ake sayarwa a kasuwanninmu da sunan ganyen kori dangin ɗoɗɗoya ne, nasu kuwa ganyen wata bishiya ce dabam. Kirfa da kanumfari da hulba da kurkur za ki same su wurin masu kayan ƙamshi a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko wurin masu maganin Musulunci. Kumin da kusbara da kadamon su ne suka cancanci ku kashe musu kuɗin rukuni, kuma ku sayi ƙwayarsu ku gasa sama-sama a busasshen kasko ku daka da kanku, domin gari yana saurin rasa ƙamshi kuma ba ka sanin abin da aka cakuɗa masa.

Na kan gaya wa ɗalibaina cewa baƙuntar ba ta kai yadda suke zato ba. Gero da dawa da wake daga Afirka suka isa Indiya tun dubban shekaru, kuma har yau ana yin burodin gero da na dawa a yammacin ƙasar. Barkonon da aka san su da shi ma baƙo ne a wurinsu, Turawan Fotugal ne suka kai shi bayan Vasco da Gama ya isa gaɓar ƙasar a 1498.

Abban Khalil:

Tun da an gama da miya, ni zan taɓa shinkafa da capati, domin sana'ata ke nan a wuraren biki. Ƙanwata, basmati, wato doguwar shinkafar da ake yin biriyani da ita, ba ta son irin dahuwar da muke yi wa shinkafar gida. Ki wanke ta a hankali har ruwan ya washe, ki jiƙa minti 30, sannan ki zuba a tafasasshen ruwa mai yawa da gishiri, ki tsame ta tun tsakiyar ƙwayar yana da ɗan tauri idan kin murza. Ragowar dahuwar a kan nama za ta yi: nama da romonsa mai kauri a ƙasa, shinkafa a sama, soyayyar albasa da na'a-na'a da man shanu a kai, a toshe bakin tukunya da kwaɓaɓɓen fulawa, a turara a wuta kaɗan kamar minti 20 zuwa 25. Idan gindin tukunyarki siriri ne ki sa kasko a ƙarƙashinta. Kada a juya da ludayi, daga gefe ake ɗiba.

Capati kuma garin alkama ake yi da shi, a niƙa ya yi laushi a tankaɗe da rariya. Ki kwaɓa da ruwan ɗumi ya yi taushi fiye da yadda kike zato, ki rufe ya huta rabin awa. Kaskon ya yi zafi sosai, domin wuta kaɗan ita ce take busar da shi, kowane gefe bai kai minti ɗaya ba, kuma da kin sauke ki naɗe a kyalle.

Sadik, Malali:

Ina neman afuwar Baba da Malama, ba gyara zan yi musu ba, ƙorafina a kan tsarin darasin ne. Na yi karatu shekara uku a Bangalore da ke kudancin Indiya, kuma abin da aka zaɓa muku, Ummi, ya fi karkata ga arewacin ƙasar da girkin fadar sarakunan Mughal, wanda shi ne otal-otal suka yaɗa a duniya. A kudu shinkafa ce da kwakwa da tsamiya da ƙwayar mastad suka fi yawa, kuma a can ne Bahaushe zai ji kamar yana gida. Suna jiƙa shinkafa da wani ƙaramin wake da suke kira urad, su markaɗa, su bar ƙullun ya kwana ya tashi. Da shi suke yin dosa, wanda ake shimfiɗawa siriri a kasko, da wani mai kauri da ya yi kama da sinasir, sannan suna da wani da ake soyawa a kasko mai ramuka, wanda ranar da na fara ganinsa na ce wa mai sayarwa ai wannan waina ce a tanda. Miyarsu ta sambar har 'ya'yan zogale ake jefawa a ciki. Ko a arewan ma, tandur, wato murhun da suke manna burodinsu mai suna nan a jikinsa, aikinsa ɗaya da tanderun da ake gasa gurasa a Kano. Da za a fara koyarwa daga waɗannan, da ɗalibi ya fahimci dalilin kowane mataki maimakon haddar takarda.

Wani abin da ya kamata ki tambayi malaminku shi ne dokokin cin abincin baƙin da za ki yi wa hidima. Mabiya addinin Hindu yawanci ba sa cin naman shanu, da yawa ba sa cin nama ko kaɗan, mabiya Jain kuwa har albasa da tafarnuwa da dankali suna ƙaurace wa. Jefa dunƙulen ɗanɗano mai romon nama a miyar wanda ba ya cin nama babban laifi ne a wurinsa, kuma hannunmu ya saba da jefa shi ba tare da tunani ba.

Baban Sadiya, Kakuri:

Sadik ya yi gaskiya a kan dunƙulen nan, na taɓa ganin an dawo da tire guda saboda shi. Kuma baƙin Indiya ba sabon abu ba ne a garin nan, domin lokacin da aka buɗe makarantar horar da hafsoshin soja a 1964 shugabanta na farko ma hafsan sojan Indiya ne, Birgediya Varma, ga kuma malamai da likitoci da 'yan kasuwa da suka zauna tare da mu. Amma mako huɗu ba zai ɗauki kudu da arewa ba, ɗana. Ta fara iya tarka da suyar albasa tukuna, domin sambar ɗin naka ma da tarka ake ƙarasa shi.

Ummi daga Tudun Wada:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na sake gwadawa da rabin kaza, na cire habbatussauda da hulba, na tsaya a kan albasar har minti 20 duk da Mama tana cewa zan ƙarar mata da gas. Ɗacin ya tafi gaba ɗaya, shinkafar ma ta tsaya ɗaya-ɗaya, sai dai ƙasan ya ɗan kama saboda na manta da kaskon da Yaya Abban Khalil ya ce a sa. Capatin ya yi laushi amma guda biyu ne kawai cikin takwas suka kumbura, kuma har yanzu siffarsu ta fi kama da taswira. Jarrabawar ranar Laraba ce ta mako mai zuwa. Malama, idan mun dafa man shanun tun ranar Asabar, zai kai Laraba ba tare da firiji ba?