Wane layin intanet ya fi dacewa da shagon kwamfuta a Agege?

Mai Shagon Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da shagon kwamfuta a Agege, muna yi wa mutane rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da cike takardar neman fasfo, da aika takardu. Da ƙaramar na'urar 4G muke aiki. Da safe lafiya lau, amma da rana ta yi sai ta fara jan ƙafa, mutum na tsaye a kanka fasfo ɗinsa ya ƙi hawa. Wani ya ce in ja faiba, wato wayar intanet da ake jawowa har shago, wani ya ce Starlink mai aiki da tauraron ɗan'adam, yarona kuma 5G yake ta kira. Jarin ba shi da yawa, ku ba ni shawara.

Mai Haɗa Waya, Ikeja:
Wa alaikumus salam Alhaji. Aikina ke nan, daga Computer Village, kasuwar kwamfuta da waya, nake. Kafin ka ba kowa ko sisi, ka tambaye shi: layin nawa ne ni kaɗai, ko na tarayya ne? In ka ga an rubuta "har zuwa 100 Mbps" (Mbps ma'aunin saurin intanet ne) a farashi mai sauƙi, to kai da maƙwabta kuke rabawa, shi ya sa da rana yake zama kamar famfon gidan haya. Layin da aka keɓe maka 20 Mbps sau da yawa ya fi shi amfani, sai dai kuɗinsa ya ninka.

Sannan kai aikinka tura takardu ne, ba kallon bidiyo ba. Ka ce su faɗa maka saurin turawa, don galibi na saukewa kawai suke tallatawa. Faiba ce ta fi a wannan fannin, in har ta iso layinku. Kamfanoni irin su ipNX da FiberOne suna ja a Legas, amma ba kowace unguwa ba. Kuma ka sa su rubuta maka awa nawa suke ɗauka kafin su gyara in masu aikin kwalbati sun tsinke wayar, don za a tsinke ta.

Hajiya Mai Atamfa, Balogun:
Malam, ni Starlink ɗin nake amfani da shi a gida wajen tura wa kwastomomin Kano da Yamai hotunan kaya. Tun Janairun 2023 ya shigo Najeriya. Yana da sauri, amma sai farantin yana ganin sama sosai, a kasuwa tsakanin benaye ba ya jin daɗi. In ruwan Yuni ya sauko da ƙarfi kuma yakan ɗan ɗauke. Ka tanadi batir da inbata tukuna, ko wanne ka saya wuta yake ci.

Tsohon Apapa:
Ƙanina, kada ka dogara da layi ɗaya, ko da na zinare ne. Ka tuna 14 ga Maris 2024, da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, MainOne da WACS da ACE da SAT-3, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma. Mu masu fitar da kaya a tashar ruwa mun ga yadda tura kuɗi ta banki ya gagara. Waɗanda kamfaninsu ke da hanya ta wasu igiyoyin, Glo-1 ko Equiano ta Google, wadda ta iso Legas a 2022, sun fi samun sauƙi. Ka ja faiba, ka ajiye na'urar 5G ta wani kamfani daban a gefe. MTN ta fara 5G a Legas tun 2022, amma ka ari na'urar wani ka gwada a cikin shagon da tsakar rana kafin ka saya.

Mai Shagon Agege:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Akwai wani mai kemis a layinmu da na ga an ja masa waya, gobe in sha Allahu zan je in ji wane kamfani ne da yadda suke yi masa in ta lalace. Mai Haɗa Waya, in na samu farashinsu zan turo ka duba min.