Musayar waƙa: tambarin ƙasata da naka

Bakatsine: Salamu alaikum jama'a, yau kan tambarin ƙasa zamu yi, amsa-amon "ya" ne, duk mai baiti ya shigo kawai.

Ku zo ku ga tambarin ƙasata Najeriya,
Baƙar garkuwa, ƙasar noma ce gaba ɗaya,
Kwara da Binuwai a Lakwaja sun zama ɗaya,
Fararen dawakai biyu, a sama ga jar mikiya.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam yayana, ka ji namu na Nijar tun 1962.

Namu rana ce ke haskawa a tsakiya,
Mashi da takubban Buzaye a gefe ɗaya,
Ɗaya gefen gero ne, uku ga zangarniya,
Can ƙasa kuma an zana kan saniya,
Abin da talaka ke ci shi muka ɗaga, ba ƙarya.

'Yar Zariya: Wallahi baitin geron nan ya taɓa ni, amma malamai ku bari in faɗi inda abin ya samo asali don fa ba namu ba ne tun farko.

Mayaƙan Turai ne a zamanin sulke da garkuwa, ku jiya,
Kwalkwali ya rufe fuska, ba a gane aboki da maƙiya,
Sai kowa ya zana alamar gidansu, ɗa ya gada a zuriya,
1484 aka kafa ma'aikatar tambura a Landan ta Birtaniya,
Namu ma a 1960 ya fito, da izinin Sarauniya.

Bakatsine: Gaskiya ne Hajiya, sai dai taken da ke rubuce a ƙasansa mu muka ƙara masa kalmomi a 1978.

Da haɗin kai da imani kaɗai aka rubuta tun jiya,
Muka ƙara ci gaba, muka ƙara zaman lafiya.

Bakano: Ni dai kun bar wanda nake so.

Dagin Arewa ba wanda ya kawo mana shi daga Ingila a jirgi ko a waya,
Magina sun ɗora shi a bangon soro, Kano har Zariya,
Yana jikin babbar riga, yana kan kayan amarya.

Ɗan Zangon Kumasi: Ku matsa min 'yan uwa, Ghana ma tana nan tun 1957.

Baƙar tauraruwa a sama, dama da hagu mikiya,
Bishiyar koko da ramin zinare a garkuwa ɗaya,
Wa zai kawo mana na Chadi? Muna jira a kan hanya.