Muhawara: Shin bayyana aibin kaya yana korar mai saye?

Mai sayar da hatsi: Assalamu alaikum. Wani abokin sana'ata ya ce duk wanda yake tallar amfanin gona a Facebook ko WhatsApp, idan ya nuna aibin kayansa a hoto, to da hannunsa ya kori masu saye. Ban gamsu da wannan magana ba, shi ya sa na kawo ta gabanku.

Dillali: Wa alaikumus salam. Malam, abokinka bai yi kuskure ba. Mai saye yana jan hotuna da yatsa ne, kuma ba ya tsayawa sai a kan wanda ya cika masa ido. Idan ka ɗora hoton masara mai tsakuwa kusa da na wanda ya zaɓi kyakkyawa ya ɗauka, ba kai za a kira ba. Aibi ana faɗarsa ne idan an zo ciniki.

Mai sarin kaya: Alhaji, ka yi haƙuri, amma a nan ne na saɓa maka, domin na ɗanɗana. Na taɓa sayen masara daga wani da ya turo mini hoton bakin buhu, ƙwaya fes, babu abin kushewa. Da kaya ya iso na cusa hannu har tsakiyar buhun, sai na ji ɗumi da danshi, ƙwayar kuma tana lotsawa idan na danna ta da farce. Masarar ajiya ana so danshinta ya sauka zuwa kusan kashi 13 cikin ɗari. Idan aka sayar maka da kilo 100 mai danshin kashi 18, to bayan ta bushe abin da zai rage bai wuce kilo 94 da ɗan kai ba, wato ka sayi ruwa a farashin masara. Wannan ma da sauƙi idan aka kwatanta da fumfuna, wadda kan haifar da gubar afulatokzin a masara da gyaɗa, gubar da dafuwa ba ta kawar da ita. Da ya gaya mini ba ta gama bushewa ba, da na nemi ragi na shanya da kaina, kuma da har yau ina saye a wurinsa.

Dillali: Hajiya, ai wannan ha'inci ne, ba shi nake karewa ba. Cewa nake yi talla daban, ciniki daban.

Mai sayar da hatsi: Wannan rabewar tana aiki ne idan mai saye yana tsaye a gabanka, yana iya zura hannu a buhu. A waya kuwa hoton shi ne hannunsa. Ni abin da nake yi shi ne in zazzage buhu ɗaya a kan tabarma cikin bidiyon da ban yanke ba, in nuna lambar da ma'aunin danshi ya bayar, in faɗi ranar. Masu kira sun ragu, ban musa ba, amma waɗanda suka saya ba sa dawo mini da ƙorafi.

Dillali: To, wa ya tabbatar mini cewa buhun da ka zazzage shi ne wanda za ka loda a mota?

Mai sarin kaya: Babu, Alhaji, sai dai a yarda cewa rabin kuɗin zai tsaya har kaya ya iso a sake aunawa. Malam, kai za ka amince da wannan sharaɗin?