Rage wa RAM mai saurin 3600 gudu da ƙarfin lantarki: yana da illa?

Ɗalibin Samaru:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin kayan kwamfuta. Na haɗa kwamfutar tebur da furosesa Ryzen 5 5600G a kan bod (babban allon da ake dasa sassan kwamfuta a kai) na B550, na sa mata sandunan RAM (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) na DDR4 guda biyu, kowanne gigabait 8, kuma a jikin kwalinsu an rubuta 3600, CL18, bolt 1.35, wato gudunsu, lambar jinkirinsu da ƙarfin lantarkin da suke buƙata. A lokacin hunturu ba ta taɓa ba ni matsala ba, amma tun da bazara ta shigo, musamman daga azahar zuwa la'asar lokacin da kwanon ɗakina ya ɗauki zafi, sai ta riƙa mutuwa tana farfaɗowa da kanta alhali ina tsakiyar lissafin aikin bincikena. Da sola da batir ɗaya nake tafiyar da ita, don haka kowane wat yana da daraja a wurina. Abin da nake son sani shi ne, idan na sauke RAM ɗin zuwa 3200 ko ƙasa da haka, na kuma mayar da shi bolt 1.2, shin zai lalace da yake ba haka aka rubuta a jikinsa ba? Kuma batirina zai ƙara jimawa?

Mai Gyara na Sabon Gari:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, rage gudu da ƙarfin lantarki ba ya ƙona RAM. Hasali ma, bolt 1.2 shi ne asalin abin da ƙungiyar JEDEC, mai tsara ƙa'idojin waɗannan kayayyaki, ta ƙayyade wa DDR4. A jikin kowace sanda akwai wani ɗan ƙaramin guntu da ake kira SPD, wanda ke ɗauke da saitin da bod zai karanta idan aka kunna kwamfuta, kuma saitin farko da ke cikinsa na ƙa'ida ne, galibi 2133 ko 2400 ko 2666 a kan bolt 1.2. Wancan 3600 da aka buga a kwali saiti ne na daban mai suna XMP, wanda kamfanin Intel ya ƙirƙiro, kuma a haƙiƙa tura RAM ne sama da ƙa'ida, shi ya sa yake neman ƙarin lantarki. Kamfanin AMD da kansa 3200 ya rubuta a matsayin iyakar da furosesanka ke ɗauka a hukumance, saboda haka saukowar da kake son yi dawowa ce cikin da'ira.

Inda mutane ke shiga matsala, kuma na sha ganin haka a kan teburina, shi ne su bar XMP a kunne da gudunsa da lokutansa, sannan su rage lantarkin kaɗai. Wannan ba zai ƙona komai ba, amma ko dai kwamfutar ta ƙi tashi, fanka na juyawa allo na nan baƙi, ko kuma ta tashi tana gurɓata bayanai a ɓoye, wanda ya fi muni ga mai aikin bincike, domin lissafinka zai iya fitowa da kuskure ba tare da ka sani ba. Idan ta ƙi tashi, ka cire ta daga wuta, ka zare ɗan batirin CMOS mai kama da kwabo da ke kan bod na ƴan mintuna, ka mayar, saitin zai koma na asali. Kafin komai ma, ka zare sandunan ka hure ƙurar da hunturu ya bari a ramukansu da kan fankar furosesa, don sau da yawa ita ce ke riƙe zafin.

Injiniyan Tudun Wada:

Abin da Malam ya faɗa daidai ne, sai dai ina so in tsaya a kan abin da za ka rasa, domin shi ne tambayarka ba ta taɓo ba. Jinkirin RAM ba a gane shi daga lambar CL ita kaɗai, sai an haɗa ta da gudu: ka ninka CL da 2000, ka raba da gudun, sai ka samu nanosakan. Naka, 3600 a CL18, nanosakan 10 ne cif. 3200 a CL16 shi ma 10 ne, amma sandunan da ake sayarwa da wannan saiti yawancinsu bolt 1.35 suke buƙata. Saitin ƙa'ida na 3200 a bolt 1.2 kuwa galibi CL22 ne, wato nanosakan 13.75, sannan 2666 a CL19 yana kaiwa 14.25. Ka ga kenan idan ka kashe XMP kawai ka bar bod ya zaɓa maka, za ka sauka ƙasa da yadda ya kamata. Shawarata ita ce ka saita da hannunka a BIOS, wato shafin saitin bod da ake shiga lokacin kunna kwamfuta: 3200, CL18, bolt 1.25, wanda zai ba ka nanosakan 11.25, in ya zauna lafiya sai ka gwada 1.2. Ba kowace sanda ce za ta amince ba, domin hakan ya danganta da irin ƙwayoyin da aka liƙa a jikinta.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da furosesanka. 5600G ba shi da wata ma'adanar hoto tasa, sashen zanensa daga RAM ɗin nan yake ɗiba, kuma faɗin hanyar bayanai yana bin gudu ne kai tsaye: layin sanda ɗaya a 3600 yana ɗaukar gigabait 28.8 a sakan, a 3200 yana ɗaukar 25.6, a 2666 kuma kimanin 21.3. Bugu da ƙari, hanyar da ke haɗa sassan cikin Ryzen, wadda ake kira Infinity Fabric, tana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da agogon RAM, don haka ita ma za ta sauka daga megahaz 1800 zuwa 1600. Wannan saukar a ganina ba ta da yawa, amma ba zan ba ka shawarar zuwa 2133 ba.

Batun batir kuwa, kada ka sa rai da yawa. Cin wuta yana bin ninkin bolt ne da kansa, don haka saukowa daga 1.35 zuwa 1.2 na iya rage kusan kashi 20 cikin 100 na abin da sandar ke ci lokacin aiki, amma sandar gaba ɗayanta ƴan wat kaɗan take ci. Idan tsimin wuta kake nema, ka sauke furosesan daga wat 65 zuwa 45 a cikin BIOS, a nan ne za ka ga bambanci a kan inbata.

Malamar Kongo:

Ƙanena, ni gwaji kawai zan ƙara maka, domin tashin Windows ba shaida ba ce cewa RAM ya zauna. Kowane ɗigon bayani a cikinsa ɗan caji ne da ke yoyo a hankali, shi ya sa ake sabunta shi cikin kowane milisakan 64, kuma zafi yana ƙara saurin yoyon har ƙa'ida ta ce a ninka sabuntawar idan aka haura digiri 85. Sandarka ba za ta kai can ba, amma wadda aka tura iyakar ƙarfinta tana iya fara kuskure tun kafin nan. Ka sa MemTest86, manhajar gwada RAM, a filashi, ka bar shi ya zagaya sau huɗu, kuma ka yi gwajin da tsakar rana a cikin ɗakin nan naka, ba da asuba ba. Kuskure ko ɗaya ne ya fito, saitin bai yi ba.

Ɗalibin Samaru:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na hure ƙurar, na saita 3200 a CL18. A bolt 1.2 gwajin ya nuna kurakurai uku a zagaye na biyu, amma a 1.25 ya kammala zagaye huɗu daga ƙarfe 1 zuwa bayan la'asar ba tare da kuskure ba, kuma yau kwana biyar kenan ba ta mutu ba. Injiniya, idan damina ta sauka gari ya yi sanyi, kuna ganin in koma 3600, ko in bar shi a nan in gwada sauke CL zuwa 16?