Ɗan ƙanwata ya yi tashe a fim yana yaro, yanzu ya girma ya rasa madafa: ina neman shawara

Kawu Tela, Gusau

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne, shagona yana wajen Tsohuwar Kasuwa a nan Gusau, kuma maganar ɗan ƙanwata ce ta kawo ni. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan ambaci finafinan da ya fito ba, domin duk wanda ya kalli finafinan Hausa a zamanin faifan CD zai iya gane shi, shi kuwa ba zai so haka ba.

Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara bakwai. Wani ɗan uwan uban da ke zaune a Kano ya ɗauke shi riƙo, a can wani furodusa maƙwabcinsu ya gan shi ya sa shi a fim, ya fito a maraya wanda kishiyar uwa ke gana wa azaba. Allah ya ba yaron wata baiwa: in aka ce ya yi kuka, hawaye za su zubo ba tare da an shafa masa komai a ido ba. Daga wannan fim aka dinga nemansa, kuma kusan kullum abu ɗaya ne, ko maraya, ko almajiri, ko ɗan da aka raba da uwarsa. In ya zo hutun Sallah, yara har daga Tudun Wada suke zuwa ƙofar gidanmu don su gan shi, matan unguwa su aiko a kai musu shi cikin gida su ba shi tukuici. Mahaifiyarsa ba ta iya kallon finafinan, ta ce maraicin ɗanta na gaske ake ɗauka ana sayarwa.

Da ya kai wajen shekara sha huɗu, murya ta buɗe, ya yi tsawo, sai kira ya ɗauke. Makaranta kuwa tuni ta lalace, don zangon karatu guda yakan wuce yana lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, a aji uku na ƙaramar sakandare ya tsaya. Abin da ya taɓa iso wa uwarsa daga duk wannan aiki shi ne buhun shinkafa da turmin atamfa lokacin azumi, sai keke da aka saya masa sau ɗaya. Mai riƙon ya ce sauran ya tafi a ci da sha da suturar yaron. Ba ni da hujjar ƙaryata shi, ba ni da ta gaskata shi, tunda babu takarda ko ɗaya.

Yanzu shekarunsa ashirin da biyar, yana wurina. Na ɗora shi kan keken ɗinki, hannunsa yana da kyau ƙwarai, aljihu da wuyan riga yana fitar da su fes. Amma da zarar wani ya kawo ɗinki ya ƙura masa ido ya ce, "Kai, ba kai ne yaron nan mai kuka ba? Ya aka yi ka dawo nan?", sai ya miƙe ya fita, sai a kwana biyu ba a gan shi a shago ba. Yanzu ya kafe sai ya koma Kano ya nemi shiga finafinai masu dogon zango. Uwarsa ta ce ba da yawunta ba. Ni ina tsakiya, ga ƙanwata ga ɗanta.

Don Allah masu sanin harkar: akwai yaron da ya yi tashe yana ƙarami, ya girma kuma ya ci gaba da cin abinci a fim? In bar shi ya tafi, ko in dage ya zauna kan keke?

Tsohon mai sayar da kaset, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan mahaifinsa, kai kuma ya ba ka ladan zumunci.

Na daɗe cikin wannan kasuwa, tun ana kaset har anka koma CD, daga Kano muke saro kaya, Ƙofar Wambai da Bata. Bari in gaya maka yadda kuɗin ke tafiya, don zuciyarka ta rage zargi ko ta san inda za ta kai shi. Furodusa kwali yake bugawa ya kai wa 'yan kasuwa, su kuma su kwafi fim su sa a kwalin su sayar mana. Ribarsa tana ga yawan kwalin da ya shiga. Ɗan wasa kuwa sau ɗaya ake sallamarsa, ranar da anka gama aiki, ko fim ya yi kasuwa ko bai yi ba. Manya masu suna su ke iya yin ciniki. Yaro ba ya ciniki, abin da anka miƙa wa wanda ya kawo shi, shi ke nan, wani lokaci ma kuɗin mota ne da na sabulu. Fuskar yaron tana kan kwali a shagona, mata suna cewa a ba su "na yaron nan", mu mun ci riba, 'yan kasuwar Kano sun ci, shi ko bai san ana yi ba. Wannan gaskiya ce, kuma da ni cikin waɗanda sunka amfana.

Sannan 'yan tura finafinai a waya sunka fito, kasuwar CD ta mutu, da yawa cikin furodusoshin wancan lokaci sunka bar harkar. To ka ga ko ya koma, mutanen da sunka san shi ba lallai ne ya iske su ba.

Tambayarka ta ko akwai wanda ya ɗore: akwai. Maryam Booth tun tana yarinya ta fara, ga ta har yau, har ta ci kyautar finafinan Afirka ta AMAA a 2020 da fim ɗin The Milkmaid. Amma ka duba gidan da ta fito, mahaifiyarta marigayiya Zainab Booth 'yar fim ce, akwai mai tsaya mata a ciki. Ahmad ɗan Ali Nuhu shi ma ya fito yana yaro, da ya girma ya karkata ga ƙwallon ƙafa, kuma uba na tsaye a bayansa. Naku maraya ne anka ɗauka daga Gusau, babu nasa a lokeshin. Bambancin ke nan.

Malama, Ƙaura Namoda

Kawu, sannu da ƙoƙari. Ni malamar makaranta ce, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarinka shi ne aji ukun nan.

Wannan ciwo ba a Kano ya fara ba. A Amurka an yi wata yarinya, Shirley Temple, haifaffiyar 1928. Tana shekara uku ta fara fitowa, kuma daga 1935 zuwa 1938 babu ɗan wasa, babba ko yaro, da ya kai ta jawo 'yan kallo a ƙasar. Da ta zama budurwa sai kasuwarta ta ja baya, daidai yadda ya faru da ɗanku, domin ƙuruciyar ake so, ita kuwa ta wuce. Ta bar fim a 1950 tana shekara 22. Da ta nemi lissafin dukiyarta, cikin sama da dala miliyan 3 da ta samu, dala 44,000 kawai ta tarar, kuma mahaifinta ne, ma'aikacin banki, yake riƙe da kuɗin. Kafin ita akwai Jackie Coogan, wanda ya fito tare da Charlie Chaplin a 1921. Shi har kotu ya kai mahaifiyarsa da mijinta a 1938 saboda sun cinye abin da ya tara. Shari'arsa ce ta sa jihar Kalifoniya ta yi doka a 1939, kuma a yau dole ne a ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin yaro ɗan wasa a zuba a asusun da ba mai taɓawa sai ya kai shekara 18. Irin tsarin da nake fatan ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano su ɗauka ke nan, haɗe da sharaɗin kada a ɗauki yaro aiki ranar makaranta.

Dalilin da ya sa na kawo Shirley shi ne abin da ya biyo baya. Duk da tashen da take yi ta kammala sakandare a 1945. Ba ta ƙare rayuwarta tana neman a sake mayar da ita yarinyar da aka sani ba. Ta shiga aikin gwamnati, ta wakilci ƙasarta a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1969, ta zama jakadiyar Amurka a Gana daga 1974 zuwa 1976, daga baya a Chekoslobakiya daga 1989. Ta rasu a 2014. Na san ƙasarsu daban, gatanta daban, ba na kwatanta Gusau da can. Amma karatun da ba a yanke mata ba shi ne ya ba ta wata ƙofar da ta farko ta rufe.

Shawarata, ko zai je Kano ko ba zai je ba, a fara da takarda. Akwai ajin manya, akwai jarrabawar WAEC da NECO ta masu zaman kansu, wadda ba a sa kayan makaranta, magidanta ma suna zama. Shekara ashirin da biyar ba ta yi nisa ba. Na koyar da waɗanda suka girme shi.

Ɗan Mafara

Malam, ni gajeriyar magana gare ni. Uwa ta ce a'a, to a tsaya nan tukuna. Ita ta yi haƙurin rabuwa da shi yana ɗan shekara bakwai, aka dawo mata da shi hannu wofi, yanzu kuma a ce ta sake sallama shi, ga halin rashin tsaro da hanyar Tsafe take ciki. A lallashe ta har ta yarda da bakinta, ko a haƙura. Ɗinki sana'a ce mai rufin asiri.

Mai haɗa hoto, ɗan Yawuri mazaunin Kano

Kawu, ina gaisuwa. Aikina ke nan, ni edita ne, kuma na san irin ɗanku, don ina ganinsu a ofisoshin Zoo Road suna zaune tun safe ko za a ba su fitowa ɗaya. Abin tausayi shi ne kowa yana gane su, a yi hoto da su, a tuna musu tsohon fim, amma in an zo rabon aiki sai a tsallake su. Darakta yana ganin ɗan kallo ba zai karɓe shi a saurayi mai soyayya ko ɗan sanda ba, tunda maraya mai kuka ya zauna masa a ido. Kai tela ne, ka san rigar Sallar yaro komai kyanta ba ta shigarsa in ya girma. In fuskar nan zai kai Kano, ina jiye masa.

Amma akwai abin da yake da shi wanda bai san darajarsa ba. Wanda ya taso a lokeshin ya san inda ake tsayawa, ya san me ya sa ake maimaita magana sau uku daga ɓangare uku, ya san in hula ta karkata dama a wannan ɗauka dole ta karkata dama a ta gaba. Mu da muka shigo da girmanmu sai da muka sha wuya kafin mu gane waɗannan. Yanzu harkar ta koma YouTube da tashoshi irin Arewa24, kowane mako sai an fitar da sabon kashi, masu son fitowa sun yi yawa, amma mai ɗaukar sauti mai tsabta, da mai saita haske, da editan da zai cika alkawari, nemansu ake yi. Kuma ba sai ya zo Kano zai fara ba. A Gusau akwai masu ɗaukar bidiyon biki da walima da saukar Alƙur'ani. Ya bi ɗaya daga cikinsu, ya riƙe kyamara, ya zauna kusa da mai haɗawa. In hannunsa ya faɗa, shi da kansa zai san ko Kano ta cancanci zuwa, kuma zai zo da abin nunawa. Maganar Malama ma tana kan hanya, don Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos sai da sakamakon sakandare ake shiga.

Abu ɗaya nake roƙo: in a gida ana kiransa da sunan da ya fito da shi a fim, a daina. Kuma ka tambaye shi yadda ake sa shi kukan nan.

Kawu Tela, Gusau

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa ƙanwata amsoshinku gaba ɗaya.

Ɗana na Yawuri, na yi masa tambayar da ka ce, bayan mun rufe shago. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce kafin a kunna kyamara akan ja shi gefe a ce ya tuna ranar da aka fito da gawar babansa, in hawaye sun zo sai a ce a ɗauka. Haka aka yi ta yi masa shekara da shekaru, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba, har uwarsa. Mu nan muna cewa baiwa ce. Ya ce shi ya sa in mutum ya ce masa "yaron nan mai kuka" ba ya iya zama. Ya ce kuma ba son a san shi ne ke jansa Kano ba, so yake ya yi aiki ɗaya a fim wanda shi ya zaɓa da kansa.

Ga inda muka tsaya. Akwai wani mai ɗaukar bidiyon biki da nake yi wa ɗinki, na yi masa magana ya amince yaron ya riƙa binsa Juma'a zuwa Lahadi, sauran kwanaki yana kan keke. Malama, maganar jarrabawa bai karɓa ba tukuna, ya ce kunya yake ji, amma ban bar ta ba, zan sake tayar da ita bayan ya ɗan saki jiki. Ɗan Mafara, uwarsa ta yarda da na Gusau, na Kano kuwa ta ce kada a sake yi mata zancensa sai bayan Babbar Sallah, mun bar shi a haka. Sunan fim ɗin ma na hana a gida, yaran shago ne suka rage.

Yanzu abin da nake so in sani: wace irin kwamfutar tafi-da-gidanka ce za ta iya aikin haɗa bidiyo, ko da wadda aka taɓa amfani da ita ce, kuma a Kano ya fi a saya ko za a samu a nan Gusau? Ina da adashin da zan ɗauka wata mai zuwa.