Sunan Lefebvre: da gaske maƙera ne asalinsu?

Hausawi, Jidda:
Assalamu alaikum. Akwai wani injiniya Bafaranshe da muke aiki tare, sunan gidansu Lefebvre. Da ya tambaye ni ma'anar Hausawi, na shaida masa cewa laƙabi ne da kakanninmu suka samu bayan sun zo aikin hajji daga ƙasar Hausa sun zauna a nan, shi kuwa ya ce nasa yana nufin maƙeri, ko da yake bai taɓa jin wani kakansa ya riƙe masaba ba. Ina roƙon masana su yi mana bayanin asalin sunan, kuma shin duk masu ɗauke da shi dangi ne?

Malam Habu, Makka:
Wa alaikumus salam. Abokin aikinka ya faɗi daidai. Sunan ya fito ne daga kalmar Latin "faber", wato mai aikin hannu, musamman aikin ƙarfe, wadda a tsohon Faransanci ta koma "fèvre", sa'an nan aka liƙa mata "le" a gaba. Harafin b da ke tsakiya ba a furta shi. Marubutan dā ne suka cusa shi don tunawa da asalin Latin ɗin, shi ya sa ake samun Lefèvre da Lefebvre, alhali lafazinsu ɗaya ne. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda sunan kan tona yankin mutum. Lefebvre ya fi yawa a arewa, wajen Lille da Fikardi da Normandi, amma a kudu sai ka ji Fabre ko Faure, kamar Félix Faure da ya shugabanci Faransa daga 1895 zuwa 1899, a gabas wajen yankin Savoie kuwa Favre ake cewa. Mutanen Biritaniya ta Faransa da harshensu suke faɗinsa, Le Goff. Duk dai Haddad ne, wato maƙeri da Larabci, kamar yadda muke ji a nan.

Hajiya Binta, Madina:
Allah ya ƙara wa Malam sani. Ni tambaya ta biyu zan taɓa. Ba dangi ba ne, domin a ƙarni na 12 da na 13, lokacin da laƙubba suka fara zama abin gado a Faransa, da wuya a sami ƙauyen da ba shi da maƙeri mai gyaran garma, kuma kowanne an kira shi da sana'arsa ba tare da ya san takwaransa ba. Haka abin yake a gida, ai maƙeran Kano da na Zinder ba uba ɗaya suka haɗa ba. Bambancin shi ne su hukuma ce ta ɗaure sunan, ya zauna ko da an bar sana'ar: a 1539 Sarki Faransuwa na Ɗaya ya wajabta wa coci-coci rubuta rajistar baftisma, a 1792 aka mayar da rajistar haihuwa da aure da mutuwa hannun hukumomin gari, sannan dokar 1794 ta hana mutum ɗaukar wani suna ban da wanda ke cikin takardar haihuwarsa.

Malam Habu, Makka:
Haka ne, Hajiya. Saboda haka idan yana son bin salsalarsa, ya fara da garin da aka haifi kakansa, ya nemi rajistar a ma'ajiyar tarihi ta lardin, wadda galibi an ɗora ta a intanet. Ya kuma duba kowane irin rubutu na sunan, domin limamin coci yakan rubuta uba da b, ya rubuta ɗansa babu. In kuwa mutanen Paris ne, zai sha wahala, saboda tsofaffin rajistocin birnin sun ƙone a gobarar 1871.

Hausawi, Jidda:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tambaye shi ɗazu, ya ce kakansa mutumin wani ƙauye ne kusa da Lille.