Miliyan 18 za ta tsayar da ofishin 'yan kwana-kwana a ƙauye?

Sakataren Ƙungiya: Assalamu alaikum. Ƙungiyar ci gaban garinmu ta tara naira miliyan 18. Motar kashe gobara mafi kusa tana kilomita 40, ga hunturu ya ƙarato. An ce in mun gina za a ba mu mota. Mu fara da gini ko da ruwa?

Magini: Rumfar mota ɗaya ta isa: tsawo mita 12, faɗi mita 5, ƙofa kada ta gaza mita 4 a tsaye. Daɓe shi ne aikin. Ruwa lita 5,000 kaɗai tan 5 ne, ban da nauyin motar. A zuba kankare mai kaurin santimita 20 da rodi mai milimita 12, siminti wajen buhu 75. A ɗan karkatar da shi wajen ƙofa don ruwa ya fita.

Baban Khairat: Buhu ɗaya naira dubu goma, lissafi mai sauƙi.

Magini: A birni ke nan, Alhaji. Sa kuɗin dako da na sauke kaya ka gani.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana: Ku bar zancen siminti. Akwai garin da aka yi ginin har da fenti, aka kawo mota ta hannu daga Turai, aka yanka rago. Bakin mesarta irin na Jamus, mesar da aka saya irin ta Ingila, ba su haɗuwa. Burtsatsen garin yana ba da lita 2,000 a awa, wato awa biyu da rabi kafin mota ta cika, ruwan da ake ƙarar da shi cikin 'yan mintuna. Ranar da kasuwa ta kama, batir ya mutu don ba a tayar da ita kullum. Yanzu awaki ke kwana a ciki. Ku haƙa tankin ƙasa na lita 30,000, ku sayi injin jan ruwa mai inci 3 da rariya a bakin mesar zuƙa, in ba haka ba yashi zai cinye shi.

Ɗan Baiwa: To ai 'yan kwana-kwanan sun samu, awakin ne.

Injiniya: Tankin ƙasa yana tsagewa in ba a yi masa rodi da shafe mai hana yoyo ba. Tankunan roba uku na lita 10,000 a kan dakali sun fi sauƙi.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana: Ranka ya daɗe, ka taɓa riƙe mesa? Ƙaramin bakin tankin roba ba ya ƙosar da injin inci 3.

Injiniya: Sai a canza bakin. Riƙe mesa daban, lissafi daban.

Maman Sadik: Duk ku gama, ta ina motar za ta shiga? Kowa ya ci hanya da dakali da shago, lungun da a da akori-kura ke wucewa yanzu ko A Daidaita Sahu sai da dabara.

Baban Khairat: Hajiya, waɗanda suka sayar da hanyar za ki tambaya.

Sakataren Ƙungiya: Jama'a, gini ko ruwa?

Maman Sadik: Har magudanar ruwa an yanka an sayar a bayan makarantar firamare.